Gishiri a Silin ɗin Marelis

Litinin, 9 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na tarar da ɓawon fenti guda huɗu a kan gadon ɗakin sama. Rawaya ne, kowanne bai wuce girman farce ba. Da na ɗaga kai sai na ga silin ɗin ya yi ƙuraje tun daga kusurwar taga har kusan tsakiya. Na share, na kakkaɓe zanen gado, na sauko na ci gaba da suyar arepa, wainar masarar da nake sayarwa.

Yau kwana ashirin da ɗaya ke nan da ɗana Dairo ya shafa wannan fenti. Ya zo daga birni ranar Asabar, ya yi filasta Asabar da Lahadi, ya yi fenti Litinin da safe, ya wanke hannu, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Bai isa birni ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Na gaji da maimaita shi a ofisoshi, don haka na rubuta shi nan sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

'Yarsa Marelis tana hannun ofishin kula da yara. Shekararta bakwai. Wurin wata maƙwabciyarsu ya bar ta a birni, da aka kwana uku bai koma ba matar ta kai ta can. Uwarta ta rasu tun tana jaririya. Don ita ya gina ɗakin saman, ni kuma ita nake so a ba ni.

Talata, 10 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Matar ofishin ta zo duba gida. Doktora Berrio sunanta, ko da yake ban ga alamar ta taɓa yi wa wani allura ba. Mu nan duk wanda ya rataya jakar takardu dokta ne. Ta hau sama, ta buɗe taga, ta danna katifa, duk ta ce sun yi. Sai wani ɓawo ya zaɓi wannan lokacin ya faɗo mata a kan takarda.

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. "Doña Chela, kin san yarinyar tana da asma?"

"A hannuna ta fara tashi mata."

"To ba zan kwantar da ita a ƙarƙashin wannan ba. Ga laima, ga gari yana zubowa."

Na ce to ta kwana da ni a ƙasa. Ta dubi murhu, ta dubi kaskon mai, ta dubi bangon da hayaƙi ya yi wa baƙi, ta girgiza kai.

Za ta dawo ranar bakwai ga Nuwamba. Idan silin ya gyaru, cikin makon za a kawo mini Marelis. Idan bai gyaru ba, akwai wasu mata da miji can cikin duwatsu, tafiyar yini biyu a mota, da suka daɗe suna jiran a ba su riƙon yarinya. Ta ce in ta tafi can, dawo da ita ba ƙaramin aiki ba ne. Na ba ta arepa biyu a takarda, ta ci ɗaya a tsaye. Ba muguwa ba ce, aikinta take yi.

Laraba, 11 ga Oktoba, bayan azahar

Komadre Tulia ta shigo ba sallama kamar yadda ta saba. Ita ta riƙe Dairo ranar baftismarsa, shi ya sa muke kiran juna komadre, tun daga nan take ganin rabin gidan nan nata ne. Ta hau sama tana haki, ta sauko tana haki.

"Komadre, wannan silin naki ƙyanda ce ta kama shi. Ki kira Maestro Nemesio."

"Ba na kiran kowa. Fenti ne, ba haihuwa ba."

"Ke? A kan tsani? Da waɗannan gwiwoyin da suke yi mini sallama tun kafin ki iso ƙofata?"

"Naki gwiwoyin ai waƙa suke yi."

Ta yi dariya, ta zuba wa kanta kofi. Can ta ce, "Shi ya koya wa Dairo gini. Zai so ya taimaka."

Na ce na sani. Dalilin da ya sa ba na son kiransa ke nan, amma ban faɗa mata ba. Ba na son wani magini ya tsaya yana ƙirga kurakuran aikin ɗana, shi kuwa ba ya nan balle ya kare kansa.

Alhamis, 12 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya

Mai shagon fenti ya ce sabuwar filasta tana son kwana ashirin da takwas kafin ta ga buroshi. Ya tambaye ni kwana nawa aka ba ta. Na ce dare ɗaya. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Wane mahaukaci ne ya yi miki wannan aikin, Doña?"

Matarsa ta taka masa ƙafa a bayan kanta, na ji ƙarar. Daga nan ya zama mai ladabi. Ya ce in kankare duk inda ya tashi, in goge da samfefa, in shafa wani farin ruwa mai kama da madara da ake sawa kafin fenti, in bari ya kwana biyu, sannan in sake rawayan. Har bakin titi ya ɗauko mini gwangwanin.

Juma'a, 13 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Yini na yi a kan tsani. Fentin ba ya gardama, da ka taɓa shi sai ya biyo hannu. A ƙarƙashinsa filastar tana nan da sanyinta.

Dairo bahago ne. Da fentin ya fita sai ga sawun cokalin gininsa, duk sun karkata ta ɓangaren da na sauran magina ba sa bi. A kusurwar taga akwai inda ya danna da babban yatsa don ya ji ko ta kama. Na sa nawa yatsan a ciki, ya yi mini yawa. Wurin ban goge shi da samfefa ba.

Wuyana yana ciwo. Garin ya shiga mini ido, ya yi ta zafi har na sauko.

Asabar, 14 ga Oktoba, da safe

Ruwa tun asuba. Ban hau ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba, bayan coci

Ana ba mu minti goma a waya duk Lahadi. Haƙorin Marelis na gaba ya fita. Ta ce shinkafarsu ba kwakwa a ciki, kuma matar da ke dafawa ba ta san kifi ba sai na gwangwani.

"Kaka, yaushe za ki zo ki ɗauke ni?"

"Ina gyara miki ɗaki."

"Ai an gama shi."

"Saura kaɗan."

Ina jin ƙirjinta yana ɗan kuka tsakanin magana. Na tambaya ko suna ba ta abin shaƙarta, ta ce suna ba ta. Ba ta tambayi babanta ba, ni ma ban ambace shi ba.

Talata, 17 ga Oktoba, ƙarfe uku

Na gama. Madarar ta kwana biyu, na bi ta da rawaya sau biyu. Ya yi kyau. Tulia ta ce in na gaji da suya ta san masu neman mai fenti kafin Disamba.

Laraba, 18 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Sun kira ni birni in duba gawar wani. Awa uku a mota, awa biyu a kan benci, minti ɗaya a ciki. Ba shi ba ne. Ɗan wata ne.

A hanyar dawowa na sayi labule.

Juma'a, 20 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Tsugune ba ta ƙare ba. Ƙurajen sun dawo a inda suke da, har da ƙari wajen ƙofa. Wannan karon akwai wani farin abu kamar gashin auduga da ya tsiro ta bakin inda fentin ya tsage. Na shafa, ya zama gari a hannuna.

Saura kwana goma sha takwas.

Asabar, 21 ga Oktoba, da rana

Tulia ta zo da Maestro Nemesio ba ta tambaye ni ba. Ta ce a hanya suka haɗu. Gidansa yana can ƙarshen unguwar masunta, hanyarsa ba ta taɓa biyowa ta nan ba, amma na bar ta da ƙaryarta.

Ya tsufa. Ya cire hula a bakin ƙofa, ya ce, "Doña Chela." Na ce tsani yana sama.

Ya hau a hankali. Ya ƙwanƙwasa nan da can da bayan wuƙa, yana kasa kunne. Sannan ya lakato farin garin da yatsa ya kai baki. Tulia ta ce, "Maestro, in yunwa kake ji akwai arepa a ƙasa." Bai yi dariya ba. Ya tofar ta taga, ya miƙo mini ɗan ɓarɓashi a bakin wuƙar.

"Ɗanɗana."

Na ɗanɗana. Gishiri.

"Salitre ke nan," in ji shi. "Yashin teku aka kwaɓa filastar nan da shi, ko wanke shi ba a yi ba. Gishirin yana ciki. Duk sanda aka yi ruwa zai sha laima, ya fito, ya turo duk abin da kika shafa. Yau ya ci fenti, gobe ya ci ƙarfen da ke cikin rufin."

"To me ake shafa masa?"

"Guduma."

Na ce ban gane ba, alhali na gane sarai.

"A sauke ta duka, Doña, har a ga simintin rufi. A wanke da ruwan daɗi, a bari ya bushe. Fenti a kan wannan, wanka da gari ne, ba ya maganin yunwa."

Na ce Dairo bai san yashin teku yana haka ba. Ban san me ya sa na faɗa ba. Maestro ya sauko daga tsanin, ya tsaya yana juya hularsa.

"Shekara shida muna aiki tare. Ko mai kwaɓa na gani ya nufi bakin teku da baro, Dairo ne yake riga ni yi masa ihu. Ya sani." Ya dubi silin. "Motar yashin kogi ranar Laraba take shigowa garin nan. Shi kuma Asabar ya zo."

Tulia ta ce, "To ai sai ya jira Laraba."

Da alama Dairo ya san ba zai kai Laraba a garin nan ba. Da ta ji abin da ta faɗa sai ta kama baki.

Maestro ya ce zai zo da kayan aiki duk ranar da na ce, kuma kada in yi masa maganar kuɗi. Na yi masa godiya, na ce zan yi tunani. Ya ƙi cin komai.

Lahadi, 22 ga Oktoba, ƙarfe biyu

Na ga Dairo ranar Asabar ɗin da ya zo. Ina tsaye a bakin kasko ya wuce da baro ya nufi teku, sawu shida ko bakwai. Har na ce masa, "Kai da wa kuke tsere?" Ya ce, "Mama, ki dai ajiye mini arepa biyu masu ƙwai." Wayarsa ta yi ta kuka a kan tebur, yana dubawa yana kifewa.

An haife ni a garin nan. Ko akuya ta san ba a gini da yashin teku. Na gani da idona, ban tambaya ba, saboda ina murna ya zo.

Marelis ta ce an yi musu aski, ita ta ƙi.

Talata, 24 ga Oktoba, da hantsi

Ban kira Maestro ba. Wata mai sayen arepa ta ce surukinta da ruwan tsami ya wanke nasa bangon, ya bi da fentin mai, shekara uku ke nan ko gezau. Na kankare, na wanke da ruwan tsami, ɗakin ya koma warin salak. Gobe fentin mai.

Na san abin da Tulia za ta ce, shi ya sa na kulle ƙofar bene.

Alhamis, 26 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Masu saye sun ragu. Waɗanda suke zuwa ba sa zama a benci kamar da, a tsaye suke karɓa su wuce. Ba na jin haushinsu, tun da Dairo ya ɓace tsoron gidan nan suke yi, kowa yana da 'ya'ya.

Wani babur ya rage gudu a ƙofar gida, mutum biyu a kai, ya wuce. Ƙarar injin ba irin ta babur ɗin Dairo ba ce. Duk da haka sai da na ƙona arepa uku.

Fentin mai yana ƙyalli. Ya riƙe.

Asabar, 28 ga Oktoba

Ya riƙe.

Lahadi, 29 ga Oktoba, bayan coci

Marelis ta ce wasu mutane sun zo ganinta, mace da namiji, sun kawo mata rigar sanyi mai hula. Ta ce matar tana da kirki, tana warin sabulu.

"Kaka, me zan yi da rigar sanyi?"

Na ce ta ajiye, kyauta ba a raina ta. Minti goman bai cika ba na ce mai yana ƙonewa. Ban ma kunna wuta ba.

Litinin, 30 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

An kwana ana ruwa. Fentin mai ba ya ɓarewa ƙanana kamar na farko, shi saɓa yake yi kamar maciji. Wani yanki mai faɗin tire yana reto daidai saman matashin kai. A bayansa farin garin ya yi kauri.

Na zauna a bakin gado na dube shi. Ban share ba.

Saura kwana takwas.

Talata, 31 ga Oktoba

Ban hau ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Ranar matattu. Mun je maƙabarta ni da Tulia da bokiti da tsintsiya. Na wanke kabarin mijina, na cire ciyawa, na sa furanni. Ita ta yi wa nata mijin faɗa kamar kowace shekara, ta ce ya bar ta da rufin da ke yoyo ya je ya kwanta a inda ba ya yoyo.

Da muka gama sai ta fito da kyandir uku daga jaka. Ɗaya na mijinta, ɗaya na nawa. Na ukun ta riƙe shi a hannu.

Na ce, "Na waye wannan?"

"Komadre."

"Mayar da shi jaka."

Ta mayar. Muka zauna a kan kabarin wani da ba mu sani ba, saboda shi ne a inuwa. Ta juyo ta dube ni.

"Ni ma ɗana ne," in ji ta. "Ni na riƙe kansa aka zuba masa ruwa. Ba na ce miki ki binne shi ba. Amma ki gaya mini, da ya yi ta jidar yashin nan kamar mahaukaci, silin yake so ya bar miki, ko wurin da 'yarsa za ta kwanta?"

Na ce rana ta yi, mu tafi.

A hanya na ce ta biya ta unguwar masunta ta gaya wa Maestro gobe da safe. Ta ce hanyarta ba ta nan ba ce. Na ce ai kun saba haɗuwa a hanya.

Juma'a, 3 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Ya zo ƙarfe bakwai da guduma biyu da ƙarafan sara. Mun fitar da gado da katifa, mun shimfiɗa buhuna. Ya ɗora ƙafa a kan tsani, na ce ya sauko.

"Doña Chela, aikin nan yana cin kafaɗa."

"Riƙe mini tsani, Maestro."

Ya dube ni, ya miƙo gudumar. Ya nuna mini yadda ake kwantar da bakin ƙarfen don kada a ji wa rufin ciwo, ya ɗaura mini ƙyalle a hanci.

Na fara daga ƙofa. Ta fi sauƙi fiye da yadda na so. Bugu biyu uku sai ta saki, ta faɗo fala-fala ta farfashe. Akwai ƙananan ɓawon katantanwar teku a cikinta, farare, wasu ko karyewa ba su yi ba. Maestro yana kwashewa da shebur, ba ya magana sai dai "hagu kaɗan" ko "huta". Tulia tana ƙasa tana yi mini suya, ina jin masu saye suna ƙorafin ta cika gishiri. Ta ce musu a gidan nan gishiri ba ya yankewa.

Da azahar hannuna ya daina ɗaguwa. Maestro ya karɓa ya yi tsakiyar, na zauna a kan bokiti ina kallo. Da ya matso kusurwar taga sai ya tsaya. Ya ga wurin yatsan. Ya sauko ya ba ni gudumar.

Na yi niyyar in ciro wurin ɗungurungum in ajiye. Na bi gefensa a hankali, a hankali. Yashin teku ba ya riƙe kansa. Ya marmashe a tafin hannuna.

Na yi kuka, a kan tsani, da ƙyalle a hanci. Tun ranar da Dairo ya tafi ban yi ba sai yau. Maestro ya riƙe tsanin har na gama, yana kallon bango.

Baro tara muka fitar.

Asabar, 4 ga Nuwamba, da rana

Mun wanke rufin sau uku da ruwan tanki. Maestro ya lasa, ya ce a ƙara ɗaya. Muka ƙara. Ya sake lasa, ya gyaɗa kai.

Ba za a yi sabuwar filasta yanzu ba. Ya ce sai iskar Disamba ta busar da shi, sannan yashin kogi, sannan a jira. Na ce doktora Talata za ta zo. Ya ce to ta zo ta ga gaskiya.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Rana ta fito. Taga a buɗe. Na rataya labule.

Talata, 7 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ta zo da jakarta. Ta hau, ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta ɗaga kai. Siminti ne zalla, toka-toka, da sawun katakon da aka zuba shi a kai.

"Ina silin ɗin?"

"Yana bayan gida, a tsibi."

Na gaya mata zancen yashin da gishirin kamar yadda Maestro ya faɗa. Ta ce a ba ta tsintsiya mai dogon hannu. Ta goga a rufin, ta duba bakin tsintsiyar, ta goga a wata kusurwa, ta sake dubawa. Ta hau kujera ta dafa da tafin hannu.

"Ba shi da kyau," in ji ta.

"Ba shi da kyau."

"Amma a bushe yake."

Ta zauna a bakin gado ta yi rubutu mai tsawo. Ta ga hannuwana, ta tambaya wa ya yi aikin. Na ce ni da wani dattijo. Ta ce mutanen can na duwatsu za su ji ba daɗi, sun riga sun sayi gado. Na ce Allah ya ba su tasu. Da gaske nake.

Ranar Juma'a za a kawo Marelis.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, ƙarfe uku na yamma

Sun kawo ta da sha ɗaya a motar ofis. Ta rame, ta yi tsawo. Jakarta ɗaya. Ta ci shinkafa da kwakwa da kifi har sau biyu, Tulia tana tsaye a kanta tana cewa a ƙara mata.

Bayan abinci na kai ta sama. Ta taɓa labule, ta leƙa taga ta ga teku, ta cire takalmi ta hau gado ta kwanta rigingine. Ta ƙura wa rufin ido.

"Baba ya ce mini a waya rawaya ne. Ya ce shi da kansa ya yi."

"Rawaya ne da. Shi ya yi."

"To ina yake?"

"An cire."

"Wa ya cire?"

"Ni."

Ta juyo ta dube ni. Idonta irin nasa ne in ransa ya ɓaci.

"Me ya sa?"

"Don a ba ni ke."

Ta juya ta fuskanci bango. Ba ta ƙara ce mini komai ba, kuma ban san yaushe za ta ce ba. Ina zaune a kan matakalar bene nake wannan rubutu, ƙofarta a buɗe. Ta yi barci. Daga nan ina jin numfashinta, yana shiga yana fita, ba ya kuka.